Rimot a Hannun Fasto

…kuma wai yaron da ya haɗa na'urar har da nuna masa inda zai danna. Shi. Ja ɗin nan na kunnawa ne, Baba, na gefe na ƙara murya, wannan na ƙasa kuwa ko da wasa kada ka taɓa shi. To, bai taɓa ba. Ga shi nan zaune a kujerar gefe, rimot a hannu, babban yatsa a kan maɓallin murya, kamar mai gidan kallon ƙwallo. Fasto ke nan. A majami'ar nan gashin kansa ya yi fari, a kan simintin nan gwiwarsa ta lalace, yau kuma aikinsa ya ƙara murya in ta yi ƙasa, ya rage ta in ta yi yawa.

Allon talabijin ya cinye bangon gaba kaf. Mumbarin da ya tsaya a bayansa tun yana da ƙarfin cika ɗakin nan ba makirfo — an ja shi kusurwa, an ɗora masa furen roba, furen da ko ruwa ba ya sha. A cikin allon kuwa Babban Fasto ne, kai tsaye daga hedkwata, can babban birni, kwat a goge, haƙora farare tas, yana kai da kawowa a kan dandamalin da ya fi majami'ar nan faɗi. Wa'azi ɗaya, lokaci ɗaya, ga dukan rassa. Garke ɗaya, murya ɗaya, haka aka rubuta a ƙyallen da ke saman ƙofa. Murya ɗaya… to sauran muryoyin fa? A ninke su a sa a akwati?

Kada ya kalli bencin tsakiya. Kada ya kalla.

Ya kalla.

Tela na nan. Ya zo, kamar yadda ya ce. Riga ba guga — tela fa, mutumin da in ya ga zare ya fito a wuyan rigarka sai ya tsayar da kai a bakin ƙofa ya datse shi da haƙori kafin ya bar ka ka wuce. Matarsa ba ta zo ba, an ce ba ta iya tashi. A gefensa akwai gurbi, daidai faɗin yarinya ɗaya. Mutane sun matsa sun bar shi, ba wanda ya ce musu su bari. Nan autarsa take zama kafin mawaƙa su tashi. Cikin makon nan aka binne ta. Zazzaɓi, wai. Zazzaɓi kawai, irin wanda kowa ke yi ya warke… yarinyar da ta kusa gama makaranta, mai muryar nan da ke haurawa ta bar sauran mawaƙa a ƙasa suna haki. Shi, Fasto, ya ɗaga ta a gaban jama'a tana jaririya, yana tsakiyar addu'a ta jiƙa masa hannun riga, majami'a ta kwashe da dariya, tela ya ce zai ɗinka masa sabuwa, ya kuwa ɗinka. Tana nan a gida, rigar. Ta matse shi yanzu.

Jiya a shago. Keke a rufe da zani, guntayen yadi a ƙasa ba a share ba, tela zaune a bencin masu jira kamar shi ma ɗinki ya kawo. Ya zauna kusa da shi. Me zai ce? Sannu ta ƙare tun ranar farko, haƙuri kuwa an ba mutumin nan har ya rasa inda zai ajiye. Sai da ya miƙe zai tafi tela ya riƙe masa bakin riga.

"Fasto, a bakin kabari ban ji komai ba. Ina ganin bakinka na motsi, kunnena a toshe. Gobe zan zo. Ka sauko mini."

Ka sauko mini…

Duk wanda ya girma a majami'ar nan ya san saukowa. Ba a makarantar fastoci ya koyo ta ba, ba ta cikin tsarin sujada, shi ya fara ta da ƙuruciya, ranar da ya hango wata mata da mijinta ya rasu, ya ga maganarsa tana wucewa ta saman kanta ba ta ko taɓa ta. Lahadin da ya biyo bayan jana'iza, a tsakiyar wa'azi, sai ya rufe Littafi, ya sauko daga mumbari, ya taka har bencin masu makoki. Ya dafa kafaɗa. Ya kira sunan mamacin da ƙarfi, yadda na bakin ƙofa ma zai ji. Ya faɗi abin da ya sani a kansa, na gaskiya, ba na yabon gawa ba — wane ya cika gardama, kowa ya sani, amma maƙwabcinsa bai taɓa kwana da yunwa ba. Sa'an nan ya juyo kan mai rai ya yi masa magana, shi kaɗai, jama'a kuma su miƙe su kewaye su. Shi ke nan fa. Ba wani abin al'ajabi. Amma mutum kan fita da ƙafafunsa. Kuma tela ne kullum kan fara miƙewa, tela ne kan riƙe gwiwar hannun wanda jiri ke ɗiba. Ya tsaya wa kowa. Yau da abin ya zo kansa, an ja mumbari kusurwa.

Ka zo, ya ce wa tela. Baki ne ya saba. Yana tafe a hanya yana ƙulla dabara: sanarwa. Ita kaɗai aka bar masa, bayan an kashe allo — taron dattawa ranar kaza, a fito sharar haraba, wanda ya tsinci makullin babur ya kawo. To a ciki zai saƙa ta. Zai fara da taron dattawa, yana yi yana takawa a hankali zuwa tsakiya, yadda mai kallo zai ɗauka ƙafa ce kawai yake motsawa… dattijo da furfura yana shirya satar magana a majami'arsa, kamar yaro da tukunyar nama. Tir.

Da safe kuma sai ga mota a bakin ƙofa. Mai Kula. Ba waya, ba saƙo, haka aikinsu yake, su faɗo wa reshe kwatsam su ga ko ana bin tsari. Ga shi can a kujerar gaba, ƙafa ɗaya kan ɗaya, waya a kan gwiwa. Mai kula da rassan yankin nan duka. Wa ke kiransa Gajere yanzu? Shi kaɗai, shi ma a zuci. Gajere, ɗan matar nan — ita, ta saukowar farko. Yaron da ya maƙale a zanin uwarsa ran nan, majina har baki, da aka kira sunan ubansa ya ɗago yana waige-waige, yana neman ta inda uban zai ɓullo. Shi ya koya masa haɗa baƙi. Shi ya nutsa shi a ruwan baftisma, shi ya yi ta zarya har aka ba shi gurbi a makarantar fastoci, ya cire kwat ɗinsa ya ba shi ranar tafiya, hannun kwat ɗin ya rufe masa yatsu. Yanzu kwat ɗin Gajere daidai jikinsa yake.

Kuma da rashin kunya yake yi da abin ya zo da sauƙi. Ina. Har ƙasa ya durƙusa. Ina kwana Baba, ya jikin Mama, ya ƙafar. Ya karɓi jakarsa ya riƙe masa. Sa'an nan cikin murmushi, Baba yau ka huta, ni zan yi sanarwa, akwai saƙo daga manya. Shi ke nan. Da ladabi aka rufe masa ƙofar da ta rage, har da riƙe masa jaka.

Allon na magana. Kan wa'azin yau, Makon Dariyarka. Babban Fasto ya ce an nuna masa wani a cikin masu kallo, bai san a wane reshe ba, wanda ƙofa za ta buɗe masa kafin makon nan ya fita. Amin ɗin hedkwata ya fara fitowa ta lasifika, na dubbai, kamar ruwa a kan kwano, sa'an nan nasu na nan ya biyo baya a makare. Kullum a makare.

A dai ba mutumin abinsa, ya iya magana. Haushin ke nan ma. Samarin da suka gudu daga wa'azinsa, waɗanda ke cewa tsoho ya cika ja, sun dawo tun da aka kafa allo, ga su can sun cika bencin baya, ba mai gyangyaɗi ko ɗaya. Yana jin zafin wannan, me zai ɓoye? Yana ji har cikin haƙoransa. Amma mutumin da ke cikin allon bai san tela ba. Bai san akwai gurbi a bencin tsakiya ba. Ta yaya zai sani? Makiyayi ne da bai taɓa jin warin garkensa ba…

To wa ya kawo shi? Wa ya ɗaga hannu?

Wancan faston na reshen bayan kasuwa, wanda ya riƙa gaya wa marasa lafiya su zubar da magani, wai shan magani ƙarancin bangaskiya ne, har wata mai ciwon sukari ta bi maganarsa ta mutu — wa ya ɗauki ƙafa ya kai ƙararsa hedkwata? Shi. Ya buga tebur. Ku sa ido, ya ce, kowa na hawa mumbari ya faɗi abin da ya ga dama, mutane na mutuwa. Gaskiya ya faɗa, yau ma zai maimaita. Aka kira babban taro, aka ce ga magani, wa'azi ɗaya daga bakin da aka amince da shi, wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Ya ɗaga. Har da miƙewa don a gan shi da kyau. Shi a tunaninsa bakin masu ɓarna za a rufe. Bai ga nasa bakin a lissafin ba, wa ke ganin nasa? Ido ya roƙa a sa. Sai aka kawo ido aka kafa masa a saman ƙofa, ƙarƙashin ƙyallen nan — kyamara, da ɗan jan ɗigonta da ba ya ƙiftawa. Ba sai ya waiga ba. A ƙeyarsa yake jin ta.

Ta taɓa kama shi ai. Da tsohuwar nan mai share majami'a ta rasu, ya bari sai da aka kashe allo, ya sauko wa 'ya'yanta. Ɗan gajeren abu, ko shayi bai isa ya huce ba. Kafin wani Lahadin an kira shi hedkwata. Dogon baranda, sanyin na'ura na shiga masa gwiwa, ya yi ta zama har ya haddace zanen tayil. Da ya shiga suka kunna masa kansa. Bai taɓa ganin ƙeyarsa ba sai ran nan — sanƙo, da wani ɗingishi da bai san yana yi ba, wani tsoho na gangarawa tsakiyar benci. Ba wanda ya ɗaga murya. Baba mun san zuciyarka. Baba ai kai uba ne a gare mu. Amma ƙari a kan wa'azin Babban Fasto, me yake nufi in ba wa'azin bai isa ba? In kowa ya yi nasa ƙarin, ba mun koma inda muka fito ba, inda kai da kanka ka zo ka yi kuka a kai? Gajere na can ƙarshen tebur yana duba farcensa. Wannan karon an yafe. Na gaba kuwa… hutu, suka ce. Za a ba Baba hutu. A yi masa walima, a ba shi agogon bango, ya miƙa makullin gidan fasto.

Gidan fasto. Ɗakunan nan na bayan majami'a, da rufin da ke yoyo a kusurwar kicin, da bishiyar lemon da Mama, matarsa, ta shuka. Ba nasu ba ne, ko ƙusa ɗaya. Sau nawa ta ce masa su nemi ɗan fili, ko ɗaki guda ne su tayar? Ubangiji zai tanada, ya ce. Da bakin nan nasa mai daɗi. Ga ta can a layin mata, ƙafar dama a miƙe a kan ƙaramar kujera, ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ina za ta? Wurin babban ɗansu, da ke ɗaki ɗaya a saman bene da mata da yara? Wa zai goya ta ya hau? Ko gidan suruki, kamar Mai Gemu — abokin karatunsa, wanda ya ce shi allo ba zai yi wa'azi a kansa ba, ya cire wayar daga bango a tsakiyar sujada. Jarumi. Kowa ya ce jarumi, na mako guda. Yanzu yana ɗakin ajiya a bayan shagon mijin 'yarsa, katifa tsakanin kwalaye, in ka je gaishe shi sai ya riƙe ka yana maka wa'azi kai kaɗai, har da cewa mu miƙe tsaye. Shi kam ya daina zuwa gaishe shi. Ba ya iya kallo.

Da safe Mama na gyara masa wuyan riga, ba ta ɗago ba. Ta san zancen tela, a bakinsa ta ji.

"Ban ce kada ka yi ba," ta ce. "Na dai ga motar."

Da ta hana shi ma. Da ta yi kuka, ta riƙe shi, da ya samu wanda zai ɗora wa.

"Juya ka kalli maƙwabcinka!" Allon ne. "Kama hannunsa! Ka ce masa, maƙwabci, wannan makon na dariyarka ne!"

A'a. A'a, kada —

Majami'a ta juya. Benci na ƙara, hannuwa na haɗuwa, an saba, kowane Lahadi sai an yi. Kafinta ne a gefen tela, can ƙetaren gurbin. Kafinta, wanda ya haɗa akwatin yarinyar da hannunsa ya ƙi karɓar komai. Ya juya shi ma, jiki ne ya juya kafin hankali ya iso, ya miƙa hannu ta saman gurbin… ya tsaya. Baki a buɗe. Ya kalli allo, ya kalli tela, ya kalli Mai Kula a gaba. Leɓensa na motsi. Ya faɗa! Ƙasa-ƙasa, kamar mai neman gafara, amma ya faɗa. Tela kuma ya ba shi hannu. Ya ba shi, don mutumin kirki ne, ba ya barin hannu a iska.

"Ban ji ku ba! Wanda bai yi dariya ba yau, ya bincika bangaskiyarsa!"

Babban yatsansa ya danna. Ƙasa. Ƙasa kuma. Muryar ta ɗan ja baya. Gajere ya waigo, kallo ɗaya, ba fushi a ciki, irin kallon da ake yi wa wanda ya zauna a kan rigar mutum bai sani ba. Yatsan ya mayar. Sama. Sama. Iyakar tawayensa ke nan, fasto guda, danna biyu, ya kuma mayar da su da kansa.

Ga maganar nan a ƙirjinsa, tun jiya take tafasa. Ba doguwa ba ce. Zai kira sunanta. Zai ce yarinyar nan ta cika surutu a lokacin addu'a, sau nawa ya harare ta daga mumbari ta sunkuyar da kai tana dariya, amma ita ce ke raka makauniyar nan gida kowane Lahadi, ba wanda ya sa ta. Zai ce, tela, ba a ce ka yi dariya ba. Ubangijin da muke bi ya tsaya a bakin kabarin abokinsa ya yi kuka, bai bincika bangaskiyarsa ba. Ka yi kukanka, mu za mu tsaya. Shi ke nan. Ko numfashi goma ba za ta ci ba. A kan wannan za a karɓi makulli? A kan wannan —

Shiru.

Allon ya daskare. Sabis ya ɗauke. Babban Fasto ya tsaya cak a tsakiyar dariya, kai a baya, baki a wangame, ido ɗaya a rufe, wani ɗan da'ira na juyawa a kan hancinsa. Ana jin fanka. Ana jin wani jariri na tsotso, ana jin mai rake ko mai me yana kira a titi. Tun yaushe rabon ɗakin nan da shiru irin wannan?

Akwai tsari, an koya musu a taro. In sabis ya ɗauke, faston reshe ya tashi ya ja gajeriyar waƙa, a yi ta tafi har ya dawo. Kada a bar jama'a shiru, kada kuma a cika shirun da wani abu.

Ya miƙe. Gwiwa ta yi ƙara. Kawuna sun juyo, duka, daga allo zuwa gare shi, ya manta nauyin idanun nan, ya manta yadda suke ɗaga mutum. Taku. Taku. Ga makirfo a tsaye a tsakiyar gaba, ga kuma hanyar tsakiya ta miƙe daga ƙafarsa har bencin tela, ba kowa a kanta. Ubangiji, kai ka ja wayar nan? Kai ne? Don in kai ne ka faɗa mini a fili, ni tsoho ne, ba na gane alama…

Tela ya ɗago. Ya gyara zama. Ya matso bakin benci, ya sauke kafaɗarsa ta wajen hanya, ya san inda hannun ke sauka, ya gani sau ba adadi. Can a layin mata wata tsohuwa ta dafa bencin gabanta, ta fara yunƙurin tashi. Wata ma. Sun gane. Kafinta ya rufe fuska da hannu.

Gajere… Gajere ya kife wayarsa a kan gwiwa. Ya sunkuyar da kai, ya rufe ido. Me ke nan? Addu'a? Ko cewa yake Baba ban gani ba, yi abinka? Ko jira yake tsoho ya rataye kansa da kansa, ya huta da zuwa wannan reshen? Yaron nan da ya san kukansa da dariyarsa tun yana tsirara, yau ya kasa karanta ƙeyarsa. Ɗago mana. Ɗago ka kalle ni, ɗan nan, ko gira ka ɗaga mini.

Kada ya kalli Mama. Bai kalla ba. Ƙafar kawai ya gani, a gefen ido, a miƙe a kan kujera, da takalmin da bai shiga ba. Bene. Kwalaye. Mu miƙe tsaye. Jan ɗigon nan a ƙeyarsa, yana ƙuna.

Ya buɗe baki. Sunan yarinyar na kan harshensa, yana jin harafin farko, har leɓe ya shirya —

Waƙa ce ta fito.

Muryarsa ce. Tasa, tsohuwar nan mai kauri, ta ja baitin farko daidai, ko kuskure babu. Hannunsa ma ya tashi yana ba da kiɗa, da rimot a ciki. Mai ganga ya karɓa da sauri kamar wanda aka ceto. Samarin baya suka miƙe, tafi ya kama, tsofaffin da suka fara tashi don wani abu suka ƙarasa tashi don wani abu dabam. Ba wanda ya riƙe shi. Ba wanda ya ce kada. Yana ta neman wanda ya toshe masa baki, ga bakin nan a buɗe, yana aiki lafiya lau.

Tela na kallonsa. Da harara ce da ya gode. Kallo ne kawai, na mutumin da ya zo karɓar ɗinki aka ce masa ya dawo wani makon. A hankali ya janye kafaɗar. Ya miƙe, tun da kowa ya miƙe. Ya ɗaga hannuwansa, hannuwan nan masu sawun allura, ya fara tafi. Ba a kan kiɗa ba. Baki a rufe. Yana tafi, don faston da ya yarda da shi ya ce a yi tafi, shekara da shekaru shi ya koya musu haka, ku yi biyayya ga na gaba da ku, ya koya musu da kyau…

Lasifika ta yi tari. Da'irar ta ɓace, Babban Fasto ya ƙarasa dariyarsa daga inda ya tsaya, dubbai na taya shi. Waƙar ta mutu a tsakiyar baiti. Jama'a na zama. Ya juya zai koma kujerarsa, idonsa ya faɗa saman ƙofa, daidai lokacin da jan ɗigon ya kawo.

Ya kawo? To da a kashe yake? Duk tsawon… sabis ɗaya suke sha, ita da allon. Ba ta ga komai ba. Ba abin da ke ƙeyarsa sai ƙeyarsa.

Hanyar kujera ta gaban Mai Kula ta bi. Gajere ya ɗan karkato, bai ɗago sosai ba, idonsa ja — na kuka ne, na rashin barci ne, oho.

"Baba," ya ce, yadda su biyu kaɗai za su ji. "Na ɗauka za ka sauko."

Ya wuce. Me zai ce? Zargi ne? Gwaji ne ya ci, ake gaya masa ya ci? Ko yaron nan ne mai majina, har yanzu yana waige… Ya zauna. Kujerar ta yi sanyi. Bayan sujada zai je shago, zai je, zai zauna a bencin masu jira ya faɗa masa duka, a ɗaki, su biyu — a ɗaki, inda ba mai miƙewa. Makulli na aljihunsa, yana jin shi a cinya. Mama za ta kwana a gadonta. Lemo zai nuna.

Bencin tsakiya. Tela ya ɗora tafin hannunsa a kan gurbin, yana kallon allo kamar kowa.

Wani daga baya ya ɗaga yatsa yana nuna kunne, ba sa ji sosai. Murya ta yi ƙasa.

Babban yatsan ya san wurin, ba sai ya duba ba.